Ranar da Farfela Ya Zauna

Ƙanena mai ɗaukar hoto ne, kuma a layin da shagonsa yake babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Kar-Ka-Motsa suke ce masa, yara da manya, har da dattijon da ke gyaran waya a shagon da ke manne da nasa. Sunan bai dame shi ba. Ni a ganina ma daɗinsa yake ji, don da wannan kalma yake cin abinci tun yana saurayi.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Farin yadi a bango, kujera marar majingina a gabansa, fitilu biyu masu lema, sai tebur da kwamfuta a kusurwa. Kusa da ƙofa akwai madubi da mataji da gwangwanin hoda, da wata baƙar kwat rataye a ƙusa wadda yake ara wa masu neman aiki. Yawancin aikinsa ƙananan hotuna ne na makaranta da katin shaida. Dokarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa shiga ya ji ta: ba a zama gaban kyamara yadda aka fito daga gida. Zai gyara maka wuyan riga, ya danne maka gashi, ya kama haɓarka da yatsu biyu ya juya ta inda yake so kamar kan famfo. In ya gama ya koma kwamfuta ya share ƙuraje da tabo. Mutum ya karɓi hotonsa ya ga ya fi yadda uwarsa ta haife shi kyau, ya fita yana washe baki. Aiki kam ya iya shi, wannan ba zan hana shi ba.

Ni na goya shi, don haka ba wanda zai ba ni labarinsa. Wannan mutumin da kuke gani a tsaye ƙiƙam kamar an dasa, yana yaro ko minti ɗaya ba ya zama. Ya fasa, ya ɓarar, ya hau, ya faɗo. A aike shi sayen gishiri ya dawo da ɗan kyanwa. Babanmu ya doke shi har hannunsa ya gaji, daga baya ya miƙa shi wurin wani tsohon mai hoto koyon aiki. Tsohon nan kan sa shi riƙon fitila hannu a sama, in hasken ya girgiza ya ƙwale masa kai da bayan yatsu. Shekaru ya yi a haka, ya fito mutum mai sanyin motsi da sanyin zuciya. Har yau in ya zauna ƙafarsa ta dama rawa take yi a ƙarƙashin tebur, sai ya ɗora tafin hannu ya danne ta. In aka taɓo zancen yarintarsa sai ya ce, "Ni duka ne ya mai da ni mutum." Yana faɗa da alfahari kamar wanda ya ci gasa.

Ya auri yarinya mai haƙuri da ke aiki a gidan burodi, tana zuba burodin a leda tun da sassafe. Suka haifi namiji. Tun yaron na rarrafe na gane jinin wa ya ɗebo, na yi dariya na ce wa uwar ta ɗaura ɗamara. Da ya fara tafiya, 'yan layin shago suka sa masa Farfela.

Yanzu shekararsa shida, kuma wallahi yaro ne mai shiga rai. Zai rugo ya rungume ka, kafin ka rungume shi ya riga ya tafi. Zai yi maka tambaya uku a jere, ka buɗe baki za ka amsa ta farko yana can yana leƙa ƙarƙashin gado. Abinci a tsaye yake ci. Takalmi ƙafa ɗaya a ɗaki, ɗaya a bakin titi. Ya taɓa fizge hannunsa daga na uwarsa ya tsallaka titi don ya ga balan-balan, mai babur ya taka birki har ya faɗi. In ya yi ɓarna yakan yi kuka na gaske, ya rantse ba zai sake ba, kuma da zuciya ɗaya yake rantsuwar. Hawayen bai bushe ba ya sake.

Abin da ya fi ƙona wa ƙanena rai ba ɓarnar ba ce, dariyar layi ce. Wata rana mai gyaran waya ya leƙo ya ga yaron na zagaye ƙafar fitila, ya ce, "Ikon Allah! Kar-Ka-Motsa ya haifi Farfela." Kowa ya kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe. Daga ranar ya sa yaron a gaba. In an taso daga makaranta sai ya ɗora shi kan kujerar hoto ya ce ya kalli bango, kar ya motsa har sai an ce ya tashi. Yaro ya motsa, a mare shi. Ya sake motsawa, a ɗaure masa ƙafa da ƙafar kujera da tsohuwar wayar lantarki. Masu zuwa ɗaukar hoto su tarar da shi a ɗaure, a kwance shi a ba su kujerar, su gama a mayar da shi. Wasu har yaba wa uban suke yi, wai haka ake tarbiyya.

Ranar da makaranta ta nemi hoton yara ina shagon. Ƙanena ya ɗauka, ya duba, kan yaron ya juya. Ya sake ɗauka, ido a rufe. Ya sake, hannu ya shigo. Sai ya ajiye kyamarar a hankali, ya taka ya zabga masa mari, ya dawo ya danna kyamarar, yaron na cikin gigita. Hoton ya fito tas. Ina tsaye a bayansa ya zauna gaban kwamfuta ya share shatin yatsunsa daga kumatun ɗansa, ya goge hawayen da ke bakin ido, ya ɗan ƙara haske. Ya juyo ya ce, "Yaya, kin ga? Ai kyakkyawa ne in ya natsu." Na ce masa Allah ya isar wa yaron nan, na ɗauki jakata na fita.

Makarantar farko ta riga ta sallame shi tun yana ajin rainon yara. Wannan ta biyun ita kaɗai ta rage kusa da gida, inda uwar za ta iya kai shi ta wuce aiki. Can ma ba a daɗe ba shugabar makarantar ta aiko a zo. Ta ce yaron ba ya zama, ba ya bari a zauna, ya hau tebur, ya fita aji ba izini, ya ture wata yarinya ta fasa leɓe kuma iyayenta sun zo da faɗa. Malamar ajinsa, wata matashiya, ita ce ta sa baki. Ta ce yaron ba daƙiƙi ba ne kuma ba mugu ba ne, akwai wata lalura ta rashin natsuwa da yawan motsi da likitocin yara suka sani, tana ganin ya kamata a duba shi. Shugabar ta yanke magana: in likita ya tabbatar lalura ce, za su riƙe shi, su sa shi gaban aji, su bi shi yadda aka ce. In ba a kawo komai ba zuwa ƙarshen zango, a nema masa wani wuri.

Da la'asar ɗin ranar matar ƙanena ta zo gidana, garin fulawa bai gama fita daga mayafinta ba. Ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa.

"Yaya, don Allah ki gaya min gaskiya. Ni na jawo masa?"

"Ke kika jawo masa me?"

"Da cikinsa ina tsayuwa kusa da murhun burodi har wata tara. Wata a wurin aiki ta ce zafin ne ya taɓa masa kai. Babansa kuma ya ce ni na sangarta shi." Ta share ido da gefen mayafi. "In na kai shi makaranta na juya, gabana faɗuwa yake har in tashi. Waya ta yi ƙara in ce shi ke nan, mota ta kaɗe shi. Ni ba so nake a ce yana da ciwo ba, Yaya. Amma in ciwo ne, ai gara in sani. In ba ciwo ba ne, to me ke nan na haifa?"

Tausayinta ya kama ni. Na tambaye ta me uban ya ce game da asibiti. Ta ce ya rantse ɗansa ba zai taka wurin likitan mahaukata ba.

Washegari na dira a shagon. Na bari ya sallami wani mai neman aiki, ya karɓe kwat ɗinsa ya rataye, sannan na rufe ƙofa.

"Kai, ni za ka gaya wa ɗanka ba shi da komai? Wa ya faɗa rijiyar maƙwabta yana bin ƙadangare? Wa aka kora daga aji sau ba adadi?"

"Yaya, ki bar tone-tone. Ga ni dai, me ya same ni?"

"Ɗaga hannunka daga kan gwiwar nan mu gani."

Bai ɗaga ba. Ya sha mur, ya ce shi jarirai ma tsayar da su yake a gaban kyamara, balle ɗan cikinsa. Na ce to ya tsayar da shugabar makaranta. Na ce in aka kori yaron, a shagon nan zai wuni daga safe har dare, 'yan layi su samu abin kallo kyauta. Wannan ce ta shige shi. Can ya ce, "A je. Amma da ni za a je, don kar a je a yi min ƙarya a kan ɗa."

Samun ganin likitan ma aiki ne. Asibitin da ke da mai duba irin wannan ɗaya ne, likitan kuma ba kullum yake zama ba. Uwar ta yi ta sintiri, ta roƙi canjin aiki, ta bi layi ta dawo, ta sake komawa, har aka ba ta rana can dab da ƙarshen zango. Ta riƙe ranar nan a ranta kamar ranar haihuwa. Kullum tana maimaita abin da za ta gaya wa likita don kar ta manta ko ɗaya.

Ranar ta zo, na same su a tashar mota. Ƙanena ne ya shirya yaron da kansa, uwar na wanka. Riga a goge har tana ƙyalli, an taje gashi an shafa mai, fuska da alamar hoda. Na ce, "Wannan asibiti za shi ko neman aiki?" Ƙanena ya yi murmushi. A mota Farfela ya zauna tsakaninmu bai leƙa taga ba, bai taɓa hular kowa ba. Na ɗauka tsoron allura ne. A ɗakin jira yara na ta guje-guje, wani na kuka, wani na jan labule, namu na zaune hannu a cinya. Uwar ta taɓa goshinsa, ta taɓa wuyansa, babu zazzaɓi. Ta dube ni, na dube ta. Wata mata da ke kusa ta ce, "Kai, wannan yaro da natsuwa! Allah ya ba mu irinsa."

Likitan mutum ne mai fara'a, amma kana ganinsa ka san ya gaji, ga layi har bakin ƙofa. Ya ce me ke tafe da mu. Uwar ta fara zuba: titi, babur, tebur, yarinyar da ta fasa leɓe, makarantar farko. Tana magana likita na kallon yaron. Ya ajiye masa biro da takarda da wata 'yar motar roba a gabansa. Farfela, wanda ko cokali ka ajiye sai ya mai da shi jirgi, ya kalli motar ya ƙyale ta. Likita ya ce ya zana gida, ya zana a hankali ya ajiye biron. Ya ce ya zauna ya jira, ya zauna ya jira.

"Likita, wallahi ba haka yake ba," in ji uwar. "Ban taɓa ganinsa haka ba. Yaya, gaya masa."

Na ce gaskiya ta faɗa, yaron nan ko barci yake ƙafarsa na tafiya. Sai ƙanena ya gyara zama, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta masu shago.

"Ranka ya daɗe, ga shi dai a gabanka. Ka san mata da ɗan fari. In ya yi tsalle ɗaya sai su ce goma. Yana wasa kamar kowane yaro, a shagona yake wuni, ni na san shi. Malamar ce sabuwa, aji ya fi ƙarfinta."

Ya faɗe ta a natse, da ladabi, hannunsa a kan gwiwa. Mu kuwa mata biyu muna ta rige-rigen magana, ɗaya na hawaye. Ko ni ce likitan na san wanda zan gaskata. Ya ƙara 'yan tambayoyi, uban na amsawa kafin uwar ta buɗe baki. A ƙarshe ya ce shi a yau bai ga abin da zai kira lalura ba, hasali ma yaron ya fi sa'o'insa shiru. Ya juya ga uwar da murya mai taushi ya tambaye ta ko tana samun isasshen barci, ya ce wani lokaci gajiyar uwa ce ke girmama abu. Ya rubuta 'yar takarda don makaranta, ya kira na gaba.

Muna fita ƙofar asibiti ƙanena ya sunkuya ya ɗaga yaron ya ɗora a kafaɗa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Yau ka fitar da ni kunya, ɗan Baba." Kan yaron ya langaɓe a kan nasa.

Uwar ta tsaya cak. "Me ka yi masa?"

"Me na yi masa? Shirya shi na yi." Ko kunya babu a idonsa, daɗi ma yake ji. "Maganin murar nan mai sa barci na ɗan ba shi kina wanka. Da so kike ya je ya hau teburin likita, ya fasa musu kaya, a rubuta mana shi a mahaukata? Wurin manya za a kai yaro, a kai shi a hargitse?"

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ɓoyewa yake ba. A ransa gyara ya yi, irin wanda yake wa kowa kafin ya danna kyamara, kuma jira yake a gode masa. Na zage shi a bakin titi, zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwana ba, har masu sayar da ruwa suka taru. Uwar kuwa ba ta tsaya jin ƙarshen zagin ba. Ta juya da gudu ta koma ciki, na bi ta.

Ƙofar likita a rufe, wani na ciki. Ta je tagar da ake ba da rana, ta gaya wa ma'aikaciyar abin da ya faru, tana haki. Matar ta ajiye biro ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Ku ɗura wa yaro magani ku kawo shi, sannan ki zo kina min kuka? Wace irin uwa ce ke? Kin san mutum nawa ke jiran wannan kujerar da kuka ɓata?"

Layi ya ɗauka. Wata ta ce iyayen yanzu sai addu'a, wata ta ja tsaki. Matar ƙanena ta tsaya tana shan zagin laifin da ba nata ba, ba ta ko ce mijinta ne ba. Aka ba ta wata ranar, watanni bayan an rufe zango.

Shugabar makaranta ta karanta takardar likita ta ninke ta. Uwar ta yi mata bayani, shugabar ta ce ita abin da ke rubuce ta sani. Tunda likita ya ce lafiyarsa ƙalau, to rashin tarbiyya ne, kuma su ba gidan horo suka buɗe ba. Malamar ajin ta rako su har bakin ƙofa da jakar yaron a hannu, idonta ya yi ja. Ƙanena kuwa ya samu abin faɗa a layi: likita da bakinsa ya ce ba ciwo ba ne. Tunda ba ciwo ba ne iskanci ne, iskanci kuma ya san maganinsa. Yanzu yaron a shago yake wuni, kuma mai gyaran waya ya daina zolaya, ya ce min abin da yake jiyowa ta bango ya fi ƙarfin wasa.

Ranar hutun uwar takan kawo min shi don ya sha iska. Makon da ya wuce yana ta zagaye ɗakina, gwiwar hannunsa ta ture kofin shayi ya tarwatse. Nan take ya daskare, ya kare kansa da hannu biyu. Da ya ga ba duka, ya matso ya kama zanena.

"Gwaggo, kina da maganin nan mai zaƙi?"

"Wane magani?"

"Na ranar asibiti. In na sha ba na ɓarna." Ya ɗago ya dube ni. "Ranar Baba ya ɗauke ni a wuya. Ki ba ni da yawa, Gwaggo, in kai har gobe."

Na ce masa ba ni da shi, kuma ba a shan magani sai an yi ciwo. Ya ce to. Na tattara duk wani magani da ke kan teburina, na hawan jini da na ciwon ƙafa, na miƙa hannu na tura su can saman kabad, sannan na fita ɗauko tsintsiya. Ina dawowa na tarar ya riga ya jawo kujera.